Sola, Iskar Gas Ko CNG: Da Wane Mudu Banki Zai Auna Sana'arka Kafin Ya Ba Ka Koren Bashi?

Wanda ya taso a Kano ya saba da tiya, ranar da ya fara sayen wake a Legas sai ya tarar ana auna masa da derika da robar fenti. Waken ɗaya ne, abin awon ne ya bambanta, kuma wanda bai tambaya ba shi ke komawa gida yana cewa an cuce shi. Zancen koren bashi da bankuna suke yi yanzu, wato rancen da aka keɓe wa sana'o'in da ba sa ƙara ɗumamar yanayi, haka yake sak.

Aikina rubuta wa 'yan kasuwa lissafi ne, a Legas, tsakanin Agege da kasuwar Mile 12. Cikin waɗanda nake yi wa akwai wani Alhaji, dillalin kayan gwari, mai ɗakin sanyi guda da manyan motoci biyu da ke ɗauko masa tumatir da tattasai daga Arewa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kuɗin makamashi ya zame masa ƙarfen ƙafa. Sai ya shirya abubuwa uku: ya sa sola a rufin ɗakin sanyin, ya sauya janareton dizal da mai amfani da iskar gas, ya kuma mayar da motocinsa masu amfani da CNG, wato iskar gas da aka matse cikin tukunya. Ya kai takarda banki biyu. Na farko ya ce duka ukun za a iya dubawa a ƙarƙashin shirinsu na muhalli. Na biyu ya ce sola kaɗai suka sani, sauran biyun ya bi layin bashin kowa da kowa.

Da yamma ya same ni a runfa, ya ajiye takardun a kan benci. "Malam, a cikin biyun nan wa ke yi mini ƙarya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu. Mudunsu ne ba ɗaya ba."

(Kafin in ci gaba: mu 'yan Arewa dizal ma gas muke ce masa, abin da ya sha rikita mana magana da ma'aikatan banki. A nan in na ce iskar gas, ina nufin wadda ake haƙowa a turo ta bututu ko a matse ta cikin tukunya. Man janareto da tirela kuwa dizal zan kira shi.)

Mudun nan shi masu harkar kuɗi suke kira taksonomi. Kundi ne da ke jera ayyukan tattalin arziki ɗaya bayan ɗaya, samar da wuta, sufuri, gini, siminti, kwasar shara, sannan ya faɗi sharaɗin da kowanne zai cika kafin a kira shi kore. Dalilin ƙirƙiro shi kuwa sananne ne: kowa ya iya shafa wa kayansa koren fenti ya ce yana kare muhalli, masu zuba jari kuma suka gaji da sayen fenti.

Abin da ɗan kasuwa ya fi buƙatar ganewa shi ne, mudun yana biyo kuɗin ne daga inda suka fito. Bankin da ke Marina ko Ikeja yawanci ba daga aljihunsa yake fitar da irin wannan rance ba. Ko dai ya karɓo daga wata cibiyar raya ƙasashe kamar IFC ta rukunin Bankin Duniya, ko Bankin Raya Afirka, ko hukumomin raya ƙasashe na Faransa da Jamus, ko kuma ya sayar da koriyar takardar lamuni a kasuwa, wato takardar da ake karɓar rance da ita daga masu zuba jari, ya yi wa masu saye alkawarin inda kuɗin za su je. Duk wanda ya ba shi kuɗin ya ba shi da sharaɗi, shi kuma sharaɗin yake sauke maka. Ka'idoji tara na banki mai ɗorewa da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2012 sun wajabta wa bankuna duba illar da bashinsu zai yi wa muhalli da jama'a, amma ba su zauna sun yanke adadin hayaƙin da zai sa aiki ya zama kore ba. Shi ya sa banki biyu a titi ɗaya za su ba ka amsa biyu.

In aka tattara, mudu uku ne ke yawo a kasuwar nan.

Na farko, kuma mafi tsauri, shi ne na Tarayyar Turai, wanda dokarsa ta fara aiki a Yulin 2020. Launi ɗaya ya sani: ko kana ciki ko kana waje. Yana da manufofi shida, rage hayaƙi, jure wa sauyin yanayi, kare ruwa da teku, sake sarrafa kaya, hana gurɓata muhalli, da kare halittu. Aikinka sai ya taimaka sosai a ɗaya daga ciki, kada kuma ya yi wa sauran biyar mummunar illa, sannan ka kiyaye haƙƙin ma'aikata, babu aikin tilas, babu bautar da yara. Kuma ba da baki ake faɗa ba, da alƙaluma ne. A fannin lantarki, layin da aka ja shi ne giram 100 na iskar kabon a kowane yunit, irin yunit ɗin da mitarka ke ƙirgawa, kuma ana lissafawa tun daga ƙera na'ura har zuwa zubar da ita. Ƙananan motoci an yarda da ƙasa da giram 50 a kilomita zuwa ƙarshen 2025, daga 2026 sai wadda ba ta fitar da hayaƙi sam. Afirka ta Kudu ta fitar da nata kundin a Afrilun 2022 bisa wannan tsari, Kenya ma ta bi sahu a 2025, don haka kada a ɗauka abin Turawa ne kawai da ba zai iso mu ba.

Na biyu shi ne mudun danja, mai kore da ruwan ɗorawa da ja, wanda ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka fi ƙarfafawa. Ƙungiyarsu ta ASEAN ta fitar da nata a Nuwamban 2021, Indonesiya ta yi nata a 2022, Singafo a Disambar 2023. Hujjarsu ita ce, ƙasar da har yanzu take ƙona kwal da mai ba za ta wayi gari ta zama Suwidin ba, dole a ba wanda ya kama hanyar gyara wani matsayi, ko da bai kai ba. Ruwan ɗorawa ke nan. Sai dai matsayi ne mai wa'adi: a kundin Singafo yawancinsa yana ƙarewa ne wajen 2030, daga nan ko ka zama kore ko ka faɗa ja.

Na uku shi ne mudun jerin sunaye. Ba ya cika tsayawa kan giram, tambayarsa ita ce: kuɗin nan me za a saya da su, kuma abin yana cikin jerin da muka amince da shi? Babban bankin ƙasar Sin ya fitar da irin wannan jeri a 2015, ya sabunta shi a 2021 inda ya cire abin da a da ake kira tsabtataccen kwal. Ƙa'idojin koriyar takardar lamuni na ICMA, ƙungiyar masu harkar kasuwannin jari ta duniya, da suka fara a 2014, su ma a nan suke: a faɗi abin da za a yi da kuɗin, a faɗi yadda aka zaɓi aikin, a ware kuɗin daban, a riƙa ba da rahoto. Dokokin da hukumar SEC ta Najeriya, mai kula da kasuwar hannun jari, ta fitar a 2018 kan wannan turba suke, kuma shi ne mudun da ɗan kasuwar Legas zai fi cin karo da shi.

To mu ɗora kayan Alhaji a kan kowanne.

Sola ba ta da gardama. Hayaƙin da ake lissafa mata tun daga masana'anta bai wuce giram 40 zuwa 50 a yunit ba, don haka tana ƙasa da layin Turai da rata, ta samu kore a danja, tana kuma kan gaba a kowane jeri. Janareton dizal kuwa, lita ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wanda a janareto matsakaici yake kaiwa giram 800 ko fiye a yunit. A ce ɗakin sanyi yana shan lita 40 a rana: kilo 108 ke nan kullum, tan 39 da ɗoriya a shekara. Wannan lissafin shi banki yake so ya gani, domin shi zai rubuta wa wanda ya ba shi kuɗin. Kuma ba zai karɓe shi daga bakinka ba, rasit ɗin sayen dizal na wata goma sha biyu zai nema. Alhaji nasa a cikin ledar biredi muka same su, rabi sun koɗe, sai da muka haɗa da littafin yaron da ke kunna janareto.

Amma ko a solar ma akwai inda mudun Turai yake tsayar da kai, wajen sharaɗin nan na kada a gyara gaba a ɓata baya. Abu biyu ne. Na ɗaya batir. In na dalma ne, za a tambaye ka ina za ka kai shi in ya mutu, kuma duk wanda ya ji labarin gubar dalma da aka yi ta rahotonta a Ogijo, can gaba da Ikorodu cikin jihar Ogun, inda ake narka tsofaffin batura, ya san tambayar ba ta neman magana ba ce. Na biyu gas ɗin da ke cikin injin sanyin kansa. Wanda masu gyaran firji suka fi zubawa a manyan ɗakunan sanyi, R404A, kilo ɗaya nasa in ya zurare yana ɗumama duniya kamar kilo kusan 3,900 na iskar kabon. R22 na tsofaffin injuna kusan 1,800. R290 kuwa, wanda asalinsa furofen ne, bai wuce 3 ba. Wato injin da ke yoyon kilo goma na R404A a shekara ya cinye duk tan 39 ɗin da solar ta rage. Ban san wannan ba sai da na zauna da alƙalami, kuma na tabbata yawancin masu ɗakin sanyi a Mile 12 ba su taɓa kawo shi a ransu ba. Mai mudun jeri zai iya wucewa bai tambaya ba. Mai kuɗin Turai zai tambaya.

Janareton iskar gas shi ne wurin da mudun uku suka rabu, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suka fi yaudarar kansu. Gwamnati ta ayyana shekaru goma na iskar gas a Maris ɗin 2021, shirin sauya makamashi da aka ƙaddamar a Agustan 2022 ma ya ɗauki gas a matsayin gadar da za a taka zuwa alkawarin daina ƙara hayaƙi nan da 2060. Saboda haka a bakin jami'an gwamnati gas abu ne mai tsabta, kuma in aka gwada shi da dizal haka ne: babu baƙin hayaƙi, babu warin nan mai shiga maƙogwaro. Amma mudu ba ya jin jawabi. Iskar gas tana fitar da kusan giram 200 a kowane yunit na zafi. Janareton da ke mayar da kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na zafin zuwa lantarki zai fitar da giram 500 zuwa 570 a yunit ɗin wuta, tun ba a lissafa abin da ya zurare a bututu ba. Shi kuma abin da ke zurarewar, misen, cikin shekara ashirin ya fi iskar kabon ɗumama duniya wajen sau 80.

A Turai an yi dambarwa sosai kafin a buɗe wa gas da nukiliya ƙofa, har Ostiriya ta kai ƙara kotu. Ƙofar da aka buɗe daga Janairun 2023 kuma ƙarama ce: tashar gas ta tsaya ƙasa da giram 270 a yunit, ta samu izinin gini kafin ƙarshen 2030, ta maye gurbin tashar da ta fi ta ƙazanta, ta kuma koma amfani da gas mai sabuntuwa ko mai ƙarancin hayaƙi kafin ƙarshen 2035. Babu janareton bayan shago da zai shiga nan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ko a danjar ASEAN, wadda ake ganin mai sassauci ce, ruwan ɗorawa a fannin lantarki ya tsaya ne daga giram 100 zuwa 510, a matakai biyu. Babbar tashar zamani mai sake amfani da zafin hayaƙinta, wadda ke fitar da 350 zuwa 400, za ta samu shiga. Ƙaramin janareton Alhaji yana bakin layi ko ya haura. Inda yake da fata kawai shi ne wajen mai mudun jeri, a ƙarƙashin babin rage ɓarnar makamashi, in ya nuna cewa sabon injin ya rage hayaƙi ƙwarai a kan tsohon. Bankin farko da ya ce masa za a duba, abin da yake nufi ke nan, kuma "za a duba" ba "an amince" ba ce.

Motocin CNG kusan labarin ɗaya ne. Rangwamen hayaƙinsu a kan fetur bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, a kan dizal ma bai kai haka ba. Turai tana son babbar mota ko dai marar hayaƙi, ko mai fitar da ƙasa da rabin abin da irinta ke fitarwa, CNG kuwa ba ta kai nan. Ribar CNG a aljihu take, kuma riba ce ta gaske, shi ya sa shirin fadar shugaban ƙasa na 2023 ya samu karɓuwa wajen direbobi. Ga mai tirela da ke bin hanyar Kano zuwa Legas kuma akwai tambayar da ta fi ta launi muhimmanci: a ina zai sha gas tsakanin Jebba da Tegina? Wannan mudu ba ya amsa ta.

In ana son ganin bambancin da ido, a dubi jiragen ƙasan Legas biyu. Shuɗin layi, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, da lantarki yake tafiya. Jan layi, wanda nake hawa daga Agege, daga Agbado zuwa Oyingbo, dizal yake sha. A mudun Turai na farkon kore ne, na biyun ba ya ciki. A mudun jeri duka biyun sufurin jama'a ne da ke rage motoci a titi. Ƙungiyar Climate Bonds Initiative, wadda ta tantance koriyar takardar gwamnatin tarayya ta farko, ita kuma a ƙa'idarta ta wancan lokacin raba hayaƙin take yi da yawan fasinja da nisan tafiya, don haka a lokacin jirgin dizal da ke cika maƙil yana iya cika sharaɗin da wanda ke tafiya rabi-rabi ba zai cika ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin taragon nan da ƙarfe bakwai na safe, kafaɗa da kafaɗa, zai ce ai ko dizal ne an rage wa titin Agege motoci masu yawa. Ni ma haka nake gani, kuma a nan ne nake ganin mudun Turai ya yi wa birni irin Legas tsauri fiye da kima. An yanka shi ne daidai jikin ƙasashen da wutarsu ba ta ɗaukewa.

Akwai sana'o'in mutanenmu biyu da ba a cika kawo su cikin wannan zance ba, alhali sun fi gas kusa da kore. Ɗaya ita ce bola jari. Tara robobi da gwangwani da ƙarafa a ware, a sayar wa masu narkawa, yana cikin dukkan mudun ukun, har na Turai, wanda ya ce wurin sarrafawa ya mayar da aƙalla rabin nauyin sharar da ya karɓa zuwa kayan da za a sake amfani da su. Tun da Legas ta hana robar cin abinci ta kumfa a Janairun 2024, harkar roba ta ƙara shiga idon hukuma. Abin da ke kayar da masu wannan sana'a ba hayaƙi ba ne, sharaɗin ma'aikata ne: yara ƙanana a kan juji, babu safar hannu, babu takalmi, babu rajistar kamfani, ciniki duk a hannu. Mai yadin da ya yi rajista, ya sa sikeli da littafi, ya hana yara aiki, ya fi mai janareton gas kusa da wannan kuɗin nesa ba kusa ba. Ta biyun ita ce mayanka. Kashin shanu da tumbi da jinin da ake wankewa cikin kwata a wuri irin Oko-Oba, in aka zuba su a rufaffen rami suka ba da gas ɗin girki ko na wuta, aiki ne da kowane mudu ya karɓa, muddin ana lura kada misen ɗin ya riƙa zurarewa. Kiwon kansa da noma kuwa, Turai ta ajiye su gefe a kundinta na yanayi, yayin da Kolombiya ta sa su cikin nata a 2022. Mai neman kuɗin noma ko kiwo ya lura da wannan kafin ya ɓata tafiyarsa.

Sai maganar da kowa yake jira: koren bashi ya fi araha? A kuɗin ruwa, ba sosai ba. Gwamnatin tarayya ta sayar da koriyar takardarta ta farko a Disambar 2017, naira biliyan 10.69, ta farko irinta daga gwamnatin wata ƙasa a Afirka, a kan kashi 13.48. Ta biyu, biliyan 15 a Yunin 2019, kashi 14.5. Bankin Access ya sayar da tasa ta biliyan 15 a Maris ɗin 2019 a kan kashi 15.5. Duk waɗannan ba su yi nisa da farashin sauran takardu na lokacinsu ba. Bankin da ya karɓo kuɗi a haka ba zai ba ka a ƙasa da haka ba, balle bayan Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Inda ribar take shi ne tsawon wa'adi, da ɗan jinkiri kafin a fara biya, wani lokaci kuma da injiniyan da zai duba maka aikin ba da kuɗinka ba, ko wata cibiya ta tsaya maka a madadin wani ɓangare na jingina. Ga sola wa'adin shi ne komai: kayan da za su yi shekara ashirin suna aiki, in aka ce ka biya cikin wata goma sha takwas an karya ka, in aka ba ka shekara biyar kuɗin dizal ɗin da ka daina saye ne zai biya.

A kuma tambaya da kyau: bashin na naira ne ko na dala? Kuɗin da ke zuwa da mudu mai tsauri sau da yawa daga waje suke. Wanda ya ci bashin dala lokacin tana wajen naira 460 a farkon 2023, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, bai damu da launin takardarsa ba. Mai sayar da tumatir da naira, da naira ya kamata ya ci bashi, ko da kuɗin ruwan ya fi yawa a takarda.

Akwai kuma abin da Alhaji ya tambaya tun kafin in kai nan: "To Malam, shi koren nan, ya fita daga riba?" Bai fita ba. Kore hukunci ne a kan abin da za a saya, ba a kan yadda aka ƙulla bashin ba. Mudu biyu ne daban, sai ka nemi wanda ya cika duka. Abin daɗin shi ne sun dace da juna, domin bankin da ba ya ta'ammali da ruwa dama kaya yake saya ya sayar maka da riba sananniya, ko ya ba ka haya har ka mallaka, kuma faranti da inbata da batir kaya ne da ake gani a taɓa. Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duk ana samunsu a Legas. A matakin ƙasashe ma an haɗa biyun: Indonesiya ta sayar da koren sukuk, wato takardar lamuni ta tsarin Musulunci, na dala biliyan 1.25 a 2018.

Da za a tambaye ni wace ƙofa za a ƙwanƙwasa, amsata ta danganta da abin da ke hannun mutum. Mai sola, ko injin sanyi na zamani, ko yadin sake sarrafa shara, ko ramin gas a mayanka, ya shirya takardunsa daidai da mudun Turai ko da bankinsa bai nema ba. Wahalar ta wata biyu ce, rasit, hoton mita, takardar wanda zai karɓi tsohon batir, jerin ma'aikata da shekarunsu, amma wanda ya cika wannan ya cika sauran biyun, kuma duk bankin da ya shiga ba za a mayar da shi ba. Mai gini ma haka: takardar shaidar EDGE ta IFC tana neman ragin kashi 20 a wuta da ruwa da makamashin da ke cikin kayan gini, abu ne da ake iya cimmawa a Legas ba tare da an shigo da komai daga sama ba. Mai gas da CNG kuwa, kada ya ɓata wata shida yana neman a kira shi kore. Ya yi lissafinsa a kan abin da zai rage na kuɗin mai, in ya fita ya nemi bashin kasuwanci ko shirin gwamnati na CNG, in ya dace da bankin da ke da babin masu kama hanyar gyara, to ƙari ne. Ya kuma tuna cewa matsayin nan mai wa'adi ne, injin da zai saya yau zai iya wuce wa'adin yana aiki. Kuskuren da ya fi tsada shi ne cusa duka a takarda ɗaya, domin abu ɗaya da bai cika sharaɗi ba yakan riƙe sauran a teburin kwamiti.

Haka muka yi da Alhaji. Muka raba takardar gida biyu, sola da sabon injin sanyi a ɗaya, motoci a ɗaya, janareton gas ɗin kuma ya ce a dakata da shi sai ya ga abin da solar za ta bari na dare. Da muka koma banki na biyu, kafin ma mu zauna ya riga ni magana.

"'Yata, kafin mu fara, kuɗin nan naku daga ina suka fito, kuma da wane mudu za ku auna ni?"

Ma'aikaciyar ta ɗan yi murmushi, ta jawo wani fayil daga durowa ta buɗe shafin sharuɗɗan. A layi na huɗu aka rubuta irin gas ɗin injin sanyi da ba su yarda da shi ba. Yanzu abin da ya rage masa shi ne samun mai gyaran da ya iya aiki da R290, domin yana kama wuta in ba a iya ba, kuma yaron da ya saba yi masa gyara ya ce bai taɓa zuba shi a babban inji ba.